Tambaya da Amsa: Jarina ya karye, haya na shirin ƙarewa, wa zan saurara?

Assalamu alaikum Barista. Ina roƙon a sakaya sunana. Ni ɗan kasuwar hatsi ne a Tudun Hatsi, nan Gombe. A kakar 2024 na sayi masara da wake na zuba a sito, da kuɗina da na mutane, ina jiran farashi ya tashi. Maimakon haka sai ya faɗi warwas. Yanzu ana bi na kusan naira miliyan 9: wani ƙaramin banki miliyan 2 da rabi, wasu alhazai biyu miliyan 4 da suka ba ni in juya mu raba riba, ragowar kuma na manoman da na karɓi kayansu ban gama biya ba. Abin da ya rage a hannuna buhu 60 ne, da fili ɗaya a bayan gari, da tsohuwar mota. Gidan da nake haya a Federal Low Cost dubu 700 ne a shekara, saura wata biyu ya ƙare, ga mata da yara biyar. Mai gidan ya ce in biya ko in tashi. Ɗaya daga cikin alhazan ya ce zai haɗa ni da 'yan sanda. Shawara ta yi mini yawa: wani ya ce in ci bashi ta waya in sabunta haya don kada a gane halin da nake ciki, wani ya ce in mayar da filin da sunan matata, wani kuma ya ce in je kotu ta bayyana ni a matsayin wanda ya tsiyace, shi ke nan na huta. Ina zan sa kaina? Naka, wani ɗan kasuwa daga Gombe.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya yaye maka, ya mayar da alheri. Ba kai kaɗai wannan faɗuwa ta kayar ba. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na kwana 150, aka kuma samu amfanin gona, farashin hatsi ya yi ta sauka a 2025, kuma duk wanda ya cika sito da tsada ya ji a jikinsa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa game da kai shi ne ka zauna ka lissafa, ka san nawa ake bin ka da wanda ke bin ka.

Zan fara da gidan, domin shi ne ke da ranar ƙarewa. Kada ka ci bashi ka sabunta wannan haya. Na nanata, kada ka ci. Wanda ya ba ka shawarar yana so ya rufa maka asiri, amma masu ba da bashi ta waya su ne gwanayen tona shi: wa'adinsu gajere ne, ruwansu mai nauyi, kuma da yawansu in ka makara sai su bi lambobin da ke cikin wayarka ɗaya bayan ɗaya, har surukanka, suna aika saƙo. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tana bibiyar irin waɗannan tun 2022, amma kafin a bi maka haƙƙi mutunci ya riga ya zube. Ban da haka, ka yi tunanin manomin da ke bin ka dubu 300, ya ji ka sake kashe dubu 700 a gida. Daga ranar ba zai ƙara yarda cewa babu ce ta hana ka biya ba, kuma wannan yardar ita ce babban abin da kake buƙata a watannin nan.

Mai gidan ba shi da ikon fito maka da kaya waje, ko cire ƙofa, ko yanke wuta don ka tashi. A galibin jihohin Najeriya, idan yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai hayar shekara ana ba shi notis na wata shida, mai hayar wata kuma na wata ɗaya, sannan a ba shi takardar kwana bakwai, daga nan sai kotu. Amma ka ɗauko takardar hayarka ka karanta. Idan an rubuta ranar farawa da ranar ƙarewa ƙarara, to da wa'adin ya cika takardar kwana bakwai na iya wadatarwa. Na faɗa maka wannan ne don kada a razana ka, ban faɗa don ka kafe a gidan mutum ba. Duk kwanan da ka ƙara bayan wa'adi kuɗi ne a kanka, sabon mai bin bashi ka ƙara. Ka je ka same shi da kanka, da dattijo ɗaya, ka ce ba za ka sabunta ba, in da hali ya ƙara maka wata guda ka biya kuɗin watan. A rubuta. Mai gida da ya san ranar da gidansa zai koma hannunsa yakan yi sauƙin kai.

Sai neman inda za a koma. Ciki da falo da ɗan ƙarin ɗaki zai ɗauke ku na shekara ɗaya ko biyu, ko da a gidan yawa ne, muddin akwai banɗaki mai mutunci da inda uwargida za ta yi girki a suturce. Ka duba unguwannin cikin gari irin su Pantami, Bolari, Herwagana, Jekadafari da Tudun Wada, da na gefe irin su Malam Inna, Kagarawal da Arawa. Amma kada arhar bayan gari ta ruɗe ka. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin Keke Napep na yara biyar zuwa makaranta da naka zuwa kasuwa, in ka tara na shekara, zai iya cinye abin da ka rage a haya.

A Gombe abu biyu nake sa mutum ya duba kafin ya kalli fenti: ruwa da kwari. Ka je gidan da sassafe ba tare da dillali ba, ka tsaya a ƙofa. In ka ga 'yan garuwa na shiga da fita da kura, ka tare ɗaya ka tambaye shi nawa yake sayar da jarka da rani, kuma yaushe rabon famfon layin da ya kawo ruwan Dadin Kowa. Gida mai mutum bakwai ruwa yake sha ba kaɗan ba. Sannan ka zaga bayan gidan. Ka dubi gindin katanga: in akwai zanen danshi da ya kai gwiwa, ko siminti sabo a ƙasa tsoho a sama, ruwa yana shiga da damina. Ka taka ka ga tazarar da ke tsakanin gidan da bakin kwari, domin zaizayar ƙasa a garin nan ta ci gidaje da yawa, kuma gidan da ya yi arha fiye da na maƙwabtansa yawanci akwai dalili. Ka duba mita, ka tambayi ko akwai tsohon bashin wuta, a rubuta lambar da ka tarar ranar shiga.

Dillali ba abokin gaba ba ne, amma la'adarsa yake nema, wadda bisa al'ada kashi 10 cikin 100 ce. Kada ka ba shi kafin alƙalami sai ka ga mai gida ido da ido ko wakilinsa da takardar wakilci, kuma ka tabbatar a wurin mai unguwa cewa gidan nasa ne, musamman in gidan gado ne da magada ba su raba ba. Kuɗi ya shiga asusun mai gida, ka karɓi rasit da yarjejeniya mai sa hannun shaidu biyu. Ka nemi a karɓi wata shida-shida, da yawa suna yarda. Ba dole ne ka buɗe wa sabon mai gida littafin bashinka ba, amma in ya tambayi sana'arka kada ka yi masa ƙarya. Mafi kyawun gidaje masu sauƙi ma ba sa kaiwa hannun dillali: limamin masallacinku da abokan rumfa su za ka fara gaya wa.

Yanzu bashin. Miliyan 9 ɗin nan ba iri ɗaya ba ne, kuma a nan nake ganin ana shirin ɗora maka abin da wataƙila ba naka ba. Ka ce alhazan sun ba ka kuɗi ka juya ku raba riba. In haka maganar take, wannan ƙiradi ne, wato mudaraba, kuma a fiƙihun Malikiyya asarar jari tana kan mai kuɗi, kai kuma ka yi asarar wahalarka, matuƙar ba ka yi sakaci ba, ba ka saɓa sharaɗinsu ba, ba ka kuma ci kuɗin a hidimar gidanka ba. Wanda ya yarda zai ci riba ya yarda da yiwuwar asara. Amma in rance suka ba ka, ko sun ce wake za ka saya ka sayi masara, hukuncin ya sauya. Don haka ka tattara komai: saƙonnin waya, takardun tura kuɗi, littafin sito, da sunayen waɗanda aka yi maganar a gabansu. Malami masanin fiƙihun ciniki ko alƙali shi zai tantance, ba kai ba, ba su ba.

Game da 'yan sanda, sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai, kuma dokar ta hana kama wani a madadin wani, don haka ba a taɓa matarka ko ƙaninka. Sai dai akwai abubuwan da ke mayar da bashi laifi: zamba, cin amana, da ba da cakin banki alhali asusu babu kuɗi, wanda dokar 1977 ta yanke wa ɗaurin shekara biyu. Kada ka rubuta wa kowa caki don ka kashe bakinsa. In an gayyace ka ofishinsu ka je da lauya, kuma kada ka sa hannu a alƙawarin biyan abin da ka san ba za ka iya ba.

Mayar da fili da sunan uwargida, wannan ka watsar da shi. Wanda bashi ya mamaye dukiyarsa, masu bin sa suna da ikon hana kyautarsa a shari'ar Musulunci, kotu ma tana iya warware cinikin da aka yi don a ɓoye wa masu bin bashi dukiya. Ranar da aka gano, alhajin da ke neman hujjar zamba ya samu, ka kuma jawo baiwar Allah cikin shari'ar da ba ruwanta.

Ita kuwa maganar kotu ta bayyana ka a matsayin wanda ya tsiyace, dokar tana nan tun 1979, kuma Babbar Kotun Tarayya ce kaɗai ke sauraron irin wannan ƙara. Wanda ya ce maka hutu ne bai gaya maka sauran ba. Dukiyarka za ta koma hannun wanda kotu ta naɗa ya sayar ya raba, za ka biya lauya, kuma har sai an sallame ka ba za ka zama daraktan kamfani ko ka tsaya takara ba. Ga ɗan kasuwar hatsi da ke rayuwa da yardar manoma, ban ga ribarta ba, sai in sulhu ya gagara gaba ɗaya.

Sulhu nake so ka nema, kuma addini yana bayanka. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta umarci a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ma ta faɗi cewa ba a tsare wanda ba shi da komai. Aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sa waɗanda bashi ya danne cikin masu cin zakka, saboda haka in wani mai hali ya miƙo kada ka ji kunyar karɓa. Amma saurarawar tana tafiya da gaskiya. Ka roƙi shugabannin kasuwarku su tara masu bin ka a zama ɗaya. Na halarci irin wannan zama a zauren wani dattijo: wanda ake bi bashi ya ajiye littafinsa a kan tabarma, ya ɗora makullin mota da takardar fili a kai, ya ce ga abin da ya mallaka. Wanda ya shigo yana huci shi ya fara cewa a cire wa mutumin kuɗin haya da abincin yara kafin a raba. Haka nake so ka yi: a fitar da hayar ƙaramin gida da ɗan abin da za ka ci gaba da juyawa, da saninsu, ragowar a raba gwargwadon abin da kowa ke bi, a rubuta yadda za a biya saura. Kada ka biya mai ƙarfin murya a ɓoye ka bar manoman ƙauye, su ne suka fi kowa buƙata, su ne kuma za su sake ba ka kaya gobe.

Bankin ba zai zo zaure ba, kai za ka je. Ka rubuta takarda kana neman a sake tsara biyan, a tsawaita wa'adi, a dakatar da tara, ka riƙe kwafi mai hatimi. Ka duba ko ka sa hannu a takardar da ake kira GSI, tsarin da Babban Bankin Najeriya ya fara a watan Agustan 2020, wanda ke ba banki damar cire bashinsa daga sauran asusunka da ke haɗe da lambar BVN ɗinka. Ka duba ko filin yana cikin jingina kafin ka yi alƙawarin sayar da shi. Wanda ya tsaya maka lamuni kuma ka gaya masa yau, kada ya fara ji daga bakin banki.

Ka tambayi wa za ka saurara. Duk mai ba ka shawara, ka duba me zai samu in ka bi ta. Mai neman sayen filinka da arha ko mai yi wa masu ba da bashi talla ba mashawarci ba ne. Hukumar ba da agajin lauya kyauta ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a Gombe; an fi duba waɗanda samunsu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato dubu 70 tun 2024, amma ka je ka bayyana halinka. Reshen ƙungiyar lauyoyi na Gombe ma zai iya haɗa ka da lauya. Ko da biya za ka yi na zama ɗaya, ya karanta maka takardar haya da ta banki, kuɗin bai tafi a banza ba.

Uwargida kuma ka zaunar da ita a makon nan ka gaya mata adadin yadda yake, domin ita za ta haɗa kaya, ita za ta amsa tambayoyin yara. Ka fara da ita, sai lauya, sai mai gida, sannan zaman kasuwa. In an yi zaman, ka sake rubuto mini abin da aka cimma da alhazan nan biyu, mu duba takardar tare kafin ka sa hannu.