Amsa ga Hajiya kan takardar kansul ta toshe bututun shara

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma. Hajiya na ji saƙonki, kin ce kansul, wato ƙaramar hukumar unguwarku a nan Ingila, sun turo maku takarda za su toshe bututun nan da kuke zuro shara daga sama su gina sabon ɗakin dasbin a ƙasa, kina tambaya ki sa hannu ko ki ƙyale. Sannan na ji Malam ya ce duk abin da za a gina ɓarnar kuɗi ne tunda mutanen gidajen kansul ƙazamai ne. Toh Malam ka yi haƙuri, a nan kam ban bi ka ba wallahi.

Ku duba yadda gidajen nan suke. Yawancin dogayen benayen nan an gina su ne wajen 1960 zuwa 1970 da wani abu, lokacin babu mai maganar raba shara, bututu ɗaya ne kowa ya zura komai ya faɗa ƙasa shikenan. Bakin bututun ma ɗan ƙarami ne, ledar shara ta zamanin yanzu ba ta shiga sai ka danna, in ta maƙale a hawa na shida kuma kowa na sama ya shiga uku, wari har cikin lif. Yanzu an zo an ce a ware kwali daban, kwalba da gwangwani daban, ragowar abinci daban, amma dasbin ɗin risaikilin, wato na kayan da ake sake sarrafawa, yana can bayan wajen ajiye motoci, ba fitila, murfinsa a kulle sai wata 'yar kafa da kwalin Amazon ba ya wucewa. Tsohuwa mai ciwon gwiwa a hawa na goma, lif ya lalace, ana ruwa, dan Allah me kuke so ta yi? Mai gida da lambu motar shara har ƙofarsa take zuwa, shi ya sa unguwa irin Tower Hamlets da kusan duk fulat ne kullum tana can ƙasa a lissafin risaikilin na Ingila.

Kuma an gwada an gani. Hukumar ReLondon mai aikin rage shara ta yi aiki da Peabody, wata ƙungiyar gidajen haya, a wasu rukunin gidajensu a nan Landan, ba wani abin mamaki suka yi ba, sun wanke wajen, sun sa dasbin masu kyau da bakin da kaya ke shiga, sun manna hotuna manya da ko ba ka jin Turanci za ka gane, sun raba wa mutane jakar tara kaya a kicin, sai ga risaikilin ya ƙaru, gurɓata shi ya ragu. Mutanen nan dai su ne ba a canza su ba.

Abin da ya sa kansul suka tashi tsaye yanzu, doka ce. Tsarin da gwamnati ta kira Simpler Recycling ya sa 31 ga Maris 2026 a matsayin wa'adi, kowane gida a Ingila har da fulat a rinƙa kwashe masa ragowar abinci daban duk mako, leda kuma an sa mata 2027. Ga maganar gobara, tun bayan gobarar benen Grenfell na Landan a 2017 da mutum 72 suka rasu ba a wasa da duk abin da zai iya kai hayaƙi sama, kuma bututun shara da murfinsa ya lalace hanyar hayaƙi ce, ballantana yanzu da ake jefa batir da sigarin lantarki cikin shara suna kamawa da wuta. Saboda haka toshewar ba sharri ba ce a kan kanta.

Amma Hajiya kar ki sa hannu haka kawai, kar kuma ki jefar da takardar, a wajen da aka bar fili ki rubuta. Ki tambaye su taku nawa ne daga ƙofar bene zuwa sabon ɗakin, da matakala ko babu, mai keken guragu zai iya buɗe ƙofar? Tsofaffi da marasa lafiya wa zai sauko masu da shara in an toshe bututun, a rubuta a takarda ba da baki ba. Dasbin nawa za a sa, domin manyan nan masu taya huɗu lita 1,100 suke ci, kuma in gida hamsin ne aka ba ku uku, kafin Lahadi sun cika mutane sun fara ajiyewa a ƙasa, dila ya zo da dare ya yayyaga, ɓeraye su biyo baya, sai a dawo a ce ku ne. A sa makulli irin na ƙofar shiga, don rabin katifu da firjin da kuke gani an jibge wallahi ba na 'yan gidan ba ne, masu farar mota ne ke zuwa cikin dare su sauke su gudu. A sa fitila da famfo da magudanar ruwa a ƙasa saboda wanki, a nisanta shi da tagar mutanen hawa na ƙasa. Wanda ya sayi fulat ɗinsa kuma ya buɗe ido, in rabonsa na kuɗin aikin zai wuce fam 250 dole su tuntuɓe shi tukuna, Section 20 suke ce masa.

Namu laifin da ke akwai kuma a faɗa, mu masu girki ne, man suya da manja kar a tuttula a sinki kar a zuba a dasbin ɗin risaikilin, a bari ya huce a ɗura a gora. Famfas ɗin yara shara ce zalla, guda ɗaya in ma'aikata suka gani suna iya barin dasbin ɗin gaba ɗaya su tafi. Ƙashin naman Sallah da ragowar tuwo su ne na ƙaramin bokitin abinci.

In kun rubuta sun share ku, ku shigar da ƙorafi a hukumance, matakin farko kwana goma na aiki suke da shi su amsa, in an gama mataki na biyu ba gyara sai Housing Ombudsman, ofishin da ke sauraron ƙorafin 'yan haya, kyauta ne. Kuma ku je taron ƙungiyar 'yan haya ku da yawa, ku gayyato kansilan unguwa ya zo ya ga wajen ranar Litinin da safe kafin mota ta kwashe. Hajiya ki ɗauko hoton takardar gaba da baya ki turo min, bayan isha'i sai mu cike tare, duk wanda ya samu irinta shi ma ya turo.