Tambaya da Amsa: Sati uku a Helsinki, ina zan ga mutanen gari?

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. An zaɓe ni cikin ɗaliban da za su je Helsinki, babban birnin ƙasar Finlan, a wani shirin musayar al'adu na sati uku a watan Disamba. Jadawalin da aka aiko mana duk taro ne da ziyarar gidajen tarihi. Ni kuwa so nake in ga yadda mutanen gari suke zamansu. An ce mini ba sa kula baƙo. Ta ina zan faro?
Ɗaliba daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Wanda ya gaya miki haka bai yi ƙarya ba. Wata guda na yi a can, kuma washegarin saukata na gaida wata dattijuwa a tashar mota, ta dube ni kamar wadda ta zo neman rance. Daga baya na gane shirun nan a wurinsu ladabi ne. Saboda haka kada ki sa ran hira a titi ko a kanti. Ki nemi ranar da jadawalinku ya yi sauƙi, ki tafi laburare.

Ki fara da Oodi, wanda ke kallon ginin majalisar dokokinsu a tsakiyar gari. An buɗe shi ranar 5 ga Disamba 2018, jajibirin bikin 'yancin kansu. Hawa uku ne, kuma littattafan, kimanin 100,000, suna hawa na sama. Mu da muka saba laburare wurin karatun jarrabawa ne, hawan tsakiya shi zai ɗaure mana kai: kekunan ɗinki, ɗakunan naɗar sauti, ɗakunan wasan kwamfuta. Nan na tarar da wani dattijo mai furfura, tabarau a kan karan hanci, yana kalmasa ƙafar wandonsa da keke. Zare ya sarƙe masa, wata yarinya da ba ta wuce jikarsa ba ta miƙa hannu ta warware, ya gyaɗa kai, ta koma kan nata ɗinkin. Ko kalma ɗaya ba su yi wa juna ba. Na daɗe tsaye ina kallo har na ji kunya.

A sama kuma, gefen yara, ga kekunan jarirai a jere, ga iyaye maza zaune a ƙasa suna karanta wa 'ya'yansu tatsuniya. Babu mai tsare ki a ƙofa ya nemi shaida. Katin aron littafi kyauta ne, amma sai da takardar shaida mai hoto da adireshi a cikin ƙasar. Don sati uku, ni ba zan wahalar da kaina ba, zama da kallo da karatu a wurin ba su buƙatar kati.

Sai dai Oodi ya yi suna, 'yan yawon buɗe ido sun cika shi da ɗaukar hoto. Ni na fi son na unguwar Pasila, inda suke ajiye littattafan harsuna da dama, har da Larabci da Somaliyanci. Ki duba allon sanarwa. Laburaren garin sukan shirya zaman koyon harshe, baƙi da 'yan gari a teburi guda ana shan gahawa, kuma a nan ne bakin mutumin Finlan yake buɗewa. A irin wannan zama wata malamar firamare mai ritaya ta tambaye ni yadda ake cewa "kiitos" da Hausa. Na ce "na gode". Ta rubuta a bayan tikitin mota, ta maimaita sau uku, ƙarshenta ta gayyace ni gida.

In aka gayyace ki, ƙarfe biyar ƙarfe biyar ce, babu "ga ni nan tafe". In an yi miki tayin wankan sauna, wato ɗakin turara jiki da zafi, karramawa ce babba. Ki tambaya ko na mata ne zalla, in ranki bai kwanta ba ki ba da haƙuri, ba sa riƙewa.

Disamba kuwa ki shirya mata. Rana ba ta fitowa sai bayan tara na safe, uku da 'yan mintuna ta faɗi, don haka Azahar da La'asar da Magariba a kan juna suke zuwa. Ki sa jadawalin sallar Helsinki a wayarki tun kafin ki tashi. Ki sayi ɗan abin nan mai ƙyalli da suke ratayawa a jikin rigar sanyi don direbobi su hango mutum cikin duhu. Sannan ki tafi da safa mai kauri wadda ba ta huje ba, domin a bakin ƙofa ake cire takalmi kamar gidanmu. Tawa ta huje a babban yatsa, haka na sha gahawar malamar nan ƙafa ɗaya a kan ɗaya har na tashi.