Allurar barci ba ta cire wa dabba tsoron nakawut da bindiga

Tambaya: Likita, Allah ya ƙara lafiya. Duk sanda Sallah ko Kirsimeti ta matso, mutane sukan zo asibitin dabbobin nan su ce a yi wa kare ko doki allurar barci, don kada ƙarar nakawut da bindigogin hawa ta haukata shi. Na lura kana yawan hana su, alhali ga maganin a kanta. Mene ne dalili? Kuma me zan ce musu idan ba ka nan?

Amsa: Idan ba na nan, ka ce su dawo, ko ka kira ni. Rubuta maganin kwantar da dabba aikin likita ne mai rajista da Hukumar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, kai kuwa ba ka kai nan ba tukuna. Amma ya kamata ka san dalilin, domin wata rana kai za ka zauna a kujerar nan.

Abin da yawancinsu ke nufi da allurar barci shi ne asefuromazin. Wannan magani jiki yake kashewa, ba ya taɓa tsoro. Karen zai kwanta, ƙafafu sun saki, ido ya yi nauyi, mai gida ya ce alhamdu lillahi an samu lafiya. Alhali kunnen na nan yana jin komai, wani lokaci ma ƙarar ta fi damunsa. Kamar a ɗaure mutum hannu da ƙafa ne a riƙa harba bindiga kusa da kunnensa. Shi ya sa karen da aka yi wa haka bana, baɗi tsoronsa yakan ƙaru. Ga shi maganin yana saukar da bugun jini, yana kuma hana jiki daidaita zafinsa. A doki akwai wata matsala ta daban: yakan sa gaban ingarma ya zazzago, wani lokaci ya ƙi komawa, ya kumbura. Dawakin hawa kuwa kusan duk ingarmu ne, ka ga ba abin wasa ba ne.

Na biyu shi ne zailazin, wanda muke amfani da shi idan za a yi ɗinki ko a duba rauni. Magani ne mai kyau a inda ya dace, amma ƙarfinsa ba ya wuce minti 30 zuwa awa ɗaya, harbe-harben daren sabuwar shekara kuwa sai a kai asuba ana yi. Idan dabba ta riga ta firgita, ba ya kama ta sosai, sai mai ƙaramin sani ya ƙara, ya wuce ƙima. Kuma dokin da ya sunkuyar da kai saboda zailazin yana iya kai maka harbi nan take idan ƙara ta razana shi. Kada ka taɓa tsayawa a bayansa don ka ga ya yi laushi.

Ka riƙe lissafin zailazin ɗin nan da kyau, domin a nan ake kashe dabbobin mutane. Doki yana ɗaukar wajen miligiram 1.1 a kowane kilo ta jijiya. Shanu da tumaki da awaki kuwa kashi ɗaya cikin goma na wannan ya ishe su, ko ƙasa da haka. Kwalbar da aka fi samu mai ƙarfin kashi 2 cikin 100 ce, wato miligiram 20 a kowane mil. Doki mai kilo 300 zai ɗauki mil 16 da ɗoriya, amma rago mai kilo 40 bai wuce mil 0.1 zuwa 0.2 ba. Akwai kuma kwalba mai kashi 10 cikin 100, wadda ta ninka waccan sau biyar, saboda haka karanta jikin kwalba kafin ka zuƙa. A tumaki ma maganin yakan tara ruwa a huhu. Wanda ya zo neman a kwantar masa da ragon layya, ka ba shi haƙuri. Nauyin doki kuma ba da ido ake yanke shi ba. Ka auna zagayen ƙirji da tef a santimita, ka ninka shi da kansa, ka ninka da tsawon jiki daga kafaɗa zuwa ƙarshen ɗuwawu, ka raba da 11,880, sai ka samu kilo.

Dokin da aka yi wa allura ba a ɗora masa sirdi a shiga taro da shi, ko ɗan sarki ne ya nema. Zai yi tuntuɓe, ya kayar da mahayi, ya faɗa kan 'yan kallo.

Akwai magungunan da ke rage tsoron da gaske. Gabafentin da tirazodon su ne aka fi ba kare, ta baki, kamar awa biyu kafin a fara harbin. Idan an bari sai ya fara karkarwa, an makara. Kuma sai an gwada maganin kwanaki kafin ranar, a rana mai tsit, domin wani karen ƙima kaɗan ke sa shi tangaɗi, wani kuwa, musamman da diyazifam, sai ya ƙara zabura maimakon ya natsu. Kyanwa ba a ba ta ƙwayar diyazifam, tana iya lalata mata hanta. Farasitamol kuwa ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Ka faɗa wa mutane wannan ɓaro-ɓaro, don da yawa daga ledar maganin gida suke ɗebowa, har da tiramol.

Amma mafi yawan aikin ba na magani ba ne. Kunnen mutum yana tsayawa a sauti mai kaɗawa wajen 20,000 a daƙiƙa, na kare ya ninka haka fiye da sau biyu, na kyanwa ya fi na kare. Ga warin albarushi, ga walƙiya, kuma dabbar ba ta san daga ina abin zai sake fitowa ba. Hanyar da ke cire tsoron ita ce sabo, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Sati shida zuwa takwas kafin biki, mai kare ya ɗauko sautin nakawut a waya, ya kunna ƙasa-ƙasa sanda kare ke cin abinci, minti biyar zuwa goma a rana. Idan ya ci bai kula ba, gobe a ɗan ƙara murya. Idan ya daina ci, ya kwantar da kunne, ya cusa jela tsakanin ƙafafu, an yi sauri, a koma baya. Kuskuren da ake yi shi ne a ƙure murya ranar farko wai don ya saba. Wannan ƙara lalata shi yake yi.

Ranar biki, a ba kare abinci, a fita da shi ya yi bayan gida kafin magariba, sannan a shigar da shi ɗaki na can ciki, a saki labule, a kunna rediyo ko fanka, a ajiye ruwa. Idan ya shige ƙarƙashin gado, a ƙyale shi, kada a jawo shi, kada a dake shi. Babban abin da za ka hana shi ne a bar shi ɗaure da sarƙa a tsakar gida. Kare mai tsoro yakan yi tsalle ya haura katanga da sarƙar a wuya, ya rataye, ko ya yi ta zagaye turke har ya shaƙe kansa. Kejin ƙarfe mai rufin kwano ma ba mafaka ba ne, ƙara yake ƙarawa, kuma a nan suke karya haƙora suna cizon ƙarfe. A sa masa abin wuya mai lambar wayar mai shi, a ɗaure yadda yatsu biyu za su shiga, ba fiye ba.

Sai ka lura da yanayi. Rufe ɗaki a hunturu lokacin Kirsimeti ba matsala, amma a 'yan shekarun nan Sallah cikin bazara take faɗowa. Manyan karnukan gadi masu gashi da ake shigowa da su, idan aka kulle su a ɗaki ba iska, aka ɗauke wuta, tsoro da haki sai su haɗu su dafa su. Zafin jikin kare lafiyayye digiri 38 zuwa 39.2 ne. Idan ma'auni ya kai 41, ka fara zuba masa ruwan randa ko na famfo, ka juya masa fanka tun kafin na iso, ka tsaya idan ya sauko 39.5.

Doki kuwa, tsofaffin dawakin fada da suka sha Hawan Daushe da Hawan Nasarawa a Kano, ko Hawan Bariki a Zariya da Katsina, ba su cika damuwa da 'yan bindiga ba. Matsalar tana ga sabon dokin da aka sayo daga ƙauye ko aka ɗauko haya saura kwana uku. Shi ma sabo yake buƙata: a tsayar da shi nesa da inda ake harbi, kusa da tsohon doki mai natsuwa, a riƙa matsowa kaɗan-kaɗan. Idan za a toshe masa kunne da auduga, a saba masa tun da wuri, a kuma tabbatar an cire bayan hawa. A barga, a cire duk ƙusa da tsinin kwano da zai iya karta, a ɗaure ragama da ƙullin da ake warwarewa da ja ɗaya, a nisanta harawa da busasshiyar ciyawa daga katangar titi, domin nakawut ɗaya da yaro ya wurgo ya isa ya tayar da gobara. Wani abin da masu dawaki ba sa so su ji: cika wa doki gero da dusa dab da Sallah don ya yi ƙiba shi ke kawo ciwon ciki da kumburin cikin kofato. Duk canjin abinci a yi shi a hankali, cikin kwana bakwai zuwa goma.

Masu kaji su ma za su zo. Kaji idan sun razana kusurwa suke rugawa su hau kan juna, na ƙasa su mutu saboda rashin iska. A zagaye kusurwoyin ɗakin da kwali ko falanki, a bar ɗan haske, mutum ya kwana kusa don ya watsa su.

Yanzu ga abin da zai shigo mana a daren da kuma washegari. Kafin ka taɓa kare mai ciwo, sa masa takunkumi, sai fa idan yana amai ko yana fama da numfashi. Ƙuna, a zuba ruwa mai sanyi minti 20, ban da ƙanƙara. Za ka ga an shafo manja, ko man goge baki, ko ɗanyen ƙwai, ko baƙin mai. Ka wanke duka da ruwan gishirin asibiti, a aske gashin gefe, sannan a shafa man ƙuna mai sinadarin azurfa. Idan tartsatsi ya shiga ido, a wanke da ruwan gishirin sosai, a ɗiga rinin gwaji a ga ko fatar idon ta karce. Idan ta karce, maganin ɗigawa mai sitiroyid zai iya fasa idon, saboda haka kada ka miƙa kowane maganin ido kafin a duba.

Kwikwiyo yakan tauna ragowar nakawut da safe. Sinadaran ciki suna ƙona baki da hanji, wasu kuma suna hana jini ɗaukar iska. Ɗaga leɓe ka duba dasashi: idan ya koma ruwan ƙasa ko shuɗi-shuɗi, lamarin gaggawa ne. Kada a ɗura masa ruwan gishiri don ya yi amai, kada a ɗura manja, yana iya sarƙewa ya shiga huhu. A kawo shi tare da ragowar abin da ya tauna, a sa masa ƙarin ruwa.

Duk dokin da ya ji rauni, komai ƙanƙantarsa, tambayar farko ita ce ko an yi masa rigakafin tetanas. Doki na cikin dabbobin da cutar ta fi kamawa, kuma idan muƙamuƙi ya sandare, da wuya a ceto shi. Idan ba a yi ba, ko ba a sani ba, a yi masa allurar kariyar gaggawa, yunit 1,500, a kuma fara rigakafin. Bugun zuciyar doki a hutu 28 zuwa 44 ne a minti. Wanda ke tonon ƙasa, yana waiwayen cikinsa, yana birgima, bugun ya haura 60, ka cire masa abinci ka kira ni ko da tsakar dare ne.

Karen da ya tsere ya kwana a waje, a duba jikinsa ko an cije shi, a duba katin rigakafin haukan kare. Idan shi ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, mutumin ya tafi asibiti a ranar, karen kuma a tsare shi kwana 10 ana lura. Kada a bari 'yan unguwa su kashe shi su jefar, domin da shi ake gane gaskiyar lamarin. Idan ya mutu, kansa ake aikawa gwaji, a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom ko wani ɗakin gwajin da ke yin wannan aiki.

A da, aikin likitan dabbobi a Arewa na shanu ne da rigakafin gwamnati. Ita kanta cibiyar Vom a 1924 aka kafa ta saboda annobar bushiya, wato cutar da ke kashe shanu. Yau ga asibitoci masu zaman kansu a Kano da Kaduna da Jos da Abuja, saboda karnukan gadi da dawakin folo da gidajen kaji sun yawaita. Sai dai ba duk mai allo a bakin titi ne asibiti ba, wasu shagon magani ne kawai, su ne kuma ke sayar da allurar da muke hanawa. 'Yan sanda sukan sanar da haramta nakawut duk ƙarshen shekara, amma ka san ba a fasawa, don haka mu shirya. Saura wata biyu biki, ka ɗauko littafin rajista, ka kira duk mai kare da mai doki, a sabunta rigakafi, a auna nauyi, a gwada magani ga wanda ke buƙata. Saura sati ɗaya, ka ƙirga ledojin ƙarin ruwa, zaren ɗinki, bandeji, man ƙuna da allurar tetanas, ka duba ranar lalacewarsu, ka tabbatar akwai mai a janareta saboda firjin rigakafi, wanda dole ya tsaya tsakanin digiri 2 da 8. Ka rubuta lambar kiran dare a jikin ƙofa da manyan baƙaƙe. Raunin da ya fi ƙarfinmu, kamar karayar da ke son hoto da tiyata, mu tsayar da jini, mu ɗaure, mu tura asibitin koyarwa na dabbobi mafi kusa, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, mu kuma buga musu waya kafin mota ta tashi.