Bam ya tashi da ayarinmu a Iraƙi, amma takardar sallamata ba ta nuna komai ba

Tambaya: Barista, salamu alaikum. Ina zaune a Riyad, ina aiki da wani kamfani. Na yi sojan Amurka, direban babbar mota ne ni a Iraƙi a 2006. Wata rana bam ya tashi da motar da ke gabana, aka kuma buɗe mana wuta. Abokaina biyu sun samu bajon yaƙi, ni kuwa takardar sallamata, wato DD 214, fayau take. Na bar aiki a 2009. Lokacin neman bajon ya ƙure mini ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bai ƙure ba, sai dai akwai aiki a gabanka.

Da farko ka san bajon da za ka nema. Combat Infantryman Badge, wanda aka kafa a 1943, na sojan ƙafa ne da dakarun musamman. Direba ko ya fi kowa jarumta ba zai samu ba. Naka shi ne Combat Action Badge, CAB a taƙaice, da aka ƙirƙiro a 2005 saboda irinku, direbobi da makanikai, da yaƙin Iraƙi ya iske a kan titi. Ya shafi abin da ya faru daga 18 ga Satumba 2001 zuwa yau. Shi ya sa waɗanda suka yi yaƙin 1991 a nan Saudiyya, har da waɗanda makami mai linzami ya faɗa wa a Dahran, ba su cikin lissafi. Sharaɗinsa, kana wurin da kanka, a yankin da ake biyan alawus na haɗarin yaƙi, ka kai wa abokan gaba hari ko su kawo maka, kuma ka yi aikinka bisa ƙa'ida.

Kada ka fara da hukumar gyaran fayil. Mutane da yawa can suke rugawa, a dawo musu da takarda a ce ba su bi matakin ƙasa ba. Sashen lambobin yabo na rundunar kula da ma'aikatan soja da ke Fort Knox za ka fara rubuta wa. Kafin nan ka cike fom SF 180 ka nemi fayil ɗinka na aikin soja, don ka ga odar da ta tura ka Iraƙi da abin da aka rubuta a kanka.

Maganar duk a kan shaidu ta rataya. Ana son rantsattsen bayanin mutum biyu da suka gani da ido, ban da naka. Na sha ganin irin wannan takarda an rubuta “jarumi ne, mun sha wuya tare.” Wannan yabon aboki ne, mai duba fayil ba abin da zai yi da shi. Abin da yake nema shi ne rana da wuri, mota ta nawa kake ja a ayarin, mita nawa tsakaninka da inda bam ya fashe, ko ɓaraguzai sun tsaga gilashinka, me ka yi da aka fara harbi. Abokan nan biyu su za ka nema tun yau, su aiko maka da kwafin odar da aka ba su bajon da ita. Oda mai ɗauke da rana ɗaya da ayari ɗaya ta fi dogon labari nauyi. Taka rantsuwar kuwa, ofishin jakadancin Amurka a Riyad da ƙananan ofisoshin Jidda da Dahran suna buga hatimi.

In Fort Knox sun amince, za a gyara maka takardar sallama. In sun ƙi, sai ka cike fom DD 149 ka kai wa hukumar gyaran fayil ta sojan ƙasa, wadda sashe na 1552 na kundi na 10 na dokokin Amurka ya ba iko. Dokar ta ce shekara 3 daga ranar da ka gano kuskuren, amma hukumar na iya yafe jinkiri in adalci ya buƙaci haka, don haka ka faɗi dalilinka gaskiya. Ba a biyan ko riyal, ba sai ka je ba, galibi a kan takarda suke yanke hukunci. Sai dai suna ɗauka cewa fayil ɗin daidai yake, kai ne za ka rinjaye su da hujja. In sun ƙi ka samo sabuwar shaida, za su sake dubawa. Kai ƙara kotun tarayya kuma yana da wa'adin shekara 6.

Bajon ba ya zuwa da kuɗi. A ganina amfaninsa na gaske yana wajen ma'aikatar tsofaffin sojoji, wato VA. Wanda aka tabbatar ya shiga yaƙi, doka ta sauƙaƙa masa, ana karɓar bakinsa kan abin da ya faru a fagen daga in yana neman diyyar firgici ko ciwon kunne. In kuma likitan soja ya duba ka a ranar ya rubuta, ka tambayi batun Purple Heart, lambar yabon wanda ya ji rauni a yaƙi, a wasiƙa ɗaya.

Kafin oda ta fito, kada ka rubuta CAB a takardar neman aiki. Dokar 2013 ta mai da ƙaryar mallakarsa don samun kuɗi ko wata riba laifi, ɗaurinsa har shekara 1.