Tambaya da Amsa: Kafin Ka Yi Wa'azi, Ka Zaga Gidaje

Tambaya: Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Bara na gama makarantar Littafi Mai Tsarki, aka turo ni wani ƙauye. Da na zo muna kai mutum 60 ranar Lahadi, yanzu da kyar mu kai 25. Lahadi uku a jere ina wa'azi a kan sanyin zuciya, ba abin da ya sauya. A makaranta mun ji ana maganar tauhidi a aikace, amma ban san ta inda zan kama ba. *Wani mai bishara, yankin Gidan Rumji*

Amsa: Malam, sannu da ɗawainiya. Ka ba da magani tun ba ka san ciwon ba, kuma waɗanda suka sha shi su ne mutum 25 ɗin da ba su daina zuwa ba. Kada ka karaya, kuskure ne mai gyaruwa.

Tauhidi a aikace hanya ce ta haɗa abin da ke cikin Littafi da abin da ke faruwa a tsakar gidajen mutane. Wani fada na Katolika ɗan ƙasar Beljiyam, Joseph Cardijn, da ya yi hidima cikin matasa ma'aikata a shekarun 1920, ya tsara ta a matakai uku: ka duba, ka auna, ka aikata. A 2008 wani malamin tauhidi a Amurka, Richard Osmer, ya mai da ita tambayoyi huɗu: me ke faruwa, me ya kawo shi, me ya kamata a ce yana faruwa, me za mu yi? Amma tun kafin su, Nehemiya da ya isa Urushalima sai da ya kwana uku, ya fita da dare ya zaga ganuwar da ta rushe, sannan ya buɗe baki ya yi wa manyan gari magana.

Ka fara da dubawa. Nemi littafin rubutu, ka ja layi huɗu: magidanta, mata, samari da 'yan mata, yara. Ka ƙidaya su Lahadi takwas, ka rubuta sunan duk wanda ya daina zuwa. Wannan kaɗai zai nuna maka ko ikilisiyar ce gaba ɗaya ta ragu ko kuwa kashi ɗaya ne ya ɓace. Daga nan ka bi su gida-gida tare da dattijo guda. Wajen mata kuwa, ka tafi da maiɗakinka ko shugabar zumuntar mata. Kada ka ce wa mutum "me ya hana ka zuwa sujada?" Zai sunkuyar da kai ya ce "sai haƙuri, Malam," ka tashi hannu wofi. Zauna a tabarma, ka sha furar da aka kawo, ka tambayi gona da yara da lafiyar tsohuwa. Magana za ta fito da kanta, wani lokaci sai a ziyara ta biyu.

A ƙauyukanmu dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Da an ɗaure gero an zuba a rumbu, samari sun kama hanyar ci-rani, wasu Katsina da Kano, wasu Legas, wasu Agadas, sai ruwan shuka ya maido su. Mata suna layin rijiya da hantsi, daidai lokacin da ka sa sujada. Wani ya ci bashin tiya goma a wurin ɗan'uwa da bazara, bai biya ba, kunya ta hana shi haɗa benci da shi. Wasu gidaje biyu suna rikicin iyakar gona. Wani gari kasuwarsa ranar Lahadi take ci. A cikin waɗannan duka, nawa ne sanyin zuciya?

Sai aunawa. Ku zauna da dattawa ku ɗora abin da kuka gani a kan Maganar Allah, ba don neman ayar da za a daki wani da ita ba. Ku karanta Ayyukan Manzanni sura 6. Da aka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci a rabon abinci, manzanni ba su yi wa'azi a kan gunaguni ba. Sun tara jama'a, aka zaɓi mutum bakwai, kuma in kun lura bakwai ɗin duka sunayen Helenanci ne da su.

A wajen aikatawa, ku ɗauki abu ɗaya tak, ku damƙa shi ga mutum guda da sunansa, ku ba shi wata uku. In rijiya ce, a sauya lokacin sujada. In ci-rani ne, a tara lambobin wayarsu, kowane mako a tura musu saƙon murya na minti biyar ta WhatsApp, a kuma riƙa leƙa matan da suka bari. In bashi ne, dattawa biyu su sasanta a asirce. Bayan wata uku ka sake ƙidaya.

Mutanen Maraɗi sun ga amfanin duban nan da idonsu. Tony Rinaudo, ɗan mishan na SIM daga Ostareliya, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya tsaya ya dubi 'yan tsiron da manoma ke sassabewa, ya gane kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. Daga nan sassaben zamani, wato barin tsiron kututture a gona ya girma ya zama itace, ya samo asali.

Abin da ya fi ɓata aikin nan shi ne sirri ya fita. In abin da mace ta faɗa a ɗakinta ranar Laraba ya bayyana a wa'azin Lahadi, ko da ba ka kama suna ba, kowa ya gane ta, kuma ba ƙofar da za a ƙara buɗe maka. Littafin rubutun nan ma kada ka bar shi a kan benci.

Tambaya: Ikilisiyarmu ta kusa rabewa saboda baiko. Wasu na cewa ma'aji yana ci, shi kuwa har kuka ya yi. Da kaka ana kawo hatsi ma, ba a san iyakarsa ba. Yaya za mu yi? *Wani dattijon ikilisiya, birnin Maraɗi*

Amsa: Baba, mai yiwuwa ma'ajinku ko dala bai taɓa ba, amma tsarinku ya bar shi ba shi da abin da zai wanke kansa. Bulus da kansa bai yarda ya ɗauki gudummawar Urushalima shi kaɗai ba. A 2 Korintiyawa 8 ya tafi da ɗan'uwan da ikilisiyoyi suka zaɓa, don kada a sami abin zargi.

Mutum biyu da ba gida ɗaya suka fito ba su ƙidaya baiko nan take a cikin majami'a, su rubuta, su sa hannu. Wanda ke riƙe kuɗi daban, wanda ke riƙe littafi daban, fasto kuma kada ya riƙe ko ɗaya. Ku yanke iyakar kuɗin da za a kashe, misali jika goma, abin da ya haura haka sai dattawa sun zauna. Hatsi a auna shi da tiya ɗaya da kowa ya sani a ranar da aka kawo shi, domin dami ba ya zama daidai da dami. Rumbu a sa masa kwaɗo biyu, mabuɗan a hannu biyu. Wake kuma kada ya daɗe ba a zuba shi a buhun da iska ba ta shiga ba, in ba haka ba ƙwari su cinye, a ce mutum ne. Ƙarshen kowane wata a karanta lissafi da Hausa a gaban jama'a. Zargin da ya riga ya faru kuwa, ku bi Matiyu 18: mai zargi ya fara ganin ma'aji su biyu.

Tambaya: Fastonmu ƙauye huɗu yake dubawa, sau ɗaya a wata muke ganinsa. Yawancin matan zumuntarmu ba su iya karatu ba. Ta yaya zan koyar da su? *Shugabar zumuntar mata, kusa da Tsibiri*

Amsa: Mama, matan da ke riƙe waƙar daka mai baiti ashirin a ka ba za su kasa riƙe labarin Rut ba. Zaɓi labari ɗaya da bai wuce aya goma sha biyar ba. Ki karanta shi sau biyu, ko ki kunna shi a waya, tunda akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa da ake saurare. Sai ki rufe littafin, wata ta maimaita da bakinta, sauran su cika abin da ta tsallake. Ki yi tambaya uku: me muka gane game da Allah, me muka gane game da mutum, me za mu yi kafin mako mai zuwa? Da kun sake haɗuwa, da ta ukun za ki fara.

Kada ki amsa tambayar da kanki don shiru ya yi tsawo, ki jira. Ki ware mata biyu su riƙa jagora ke kina zaune. Tambayar da ta fi ƙarfinku a ajiye wa fasto. Da damina ki rage zaman zuwa rabin awa, ki mai da shi bayan an taso daga gona.