Miyar fiffiken kifin shak: amsa ga ɗan ƙanena

Assalamu alaikum, ɗana. Saƙonka ya iso. Ka ce ka ji ana ta kafa dokoki a kan cinikin fikafikan kifin shak, alhali miyarsu tsohuwar al'adar Sinawa ce a bikin aure, kana tambaya ko daidai ne wasu ƙasashe su tsoma baki a al'adar da ba tasu ba.

Al'adar kam tsohuwa ce, tun zamanin daular Ming ake shan wannan miya, amma a fada da gidajen manya. Fiffiken kansa ba shi da wani ɗanɗanon kirki, romon kaza da sauran kayan haɗi ne ke ba shi armashi. Abin da mai biki ke nunawa shi ne ya girmama baƙinsa kuma aljihunsa da nauyi. Da arziki ya yalwata a Sin daga shekarun 1980, abin da a da 'yan tsiraru ke sha sai ya zama kowane mai hali yana so a gani a teburinsa. Idan kiɗa ya canza, ai dole rawa ta canza.

Ka san yadda ake samo fiffiken? Naman shak ba ya kuɗi kamar fiffikensa, ga shi yana cinye wuri a jirgin ruwa. Sai masunta su jawo kifin, su yanke na baya da na gefe biyu da na wutsiya, su tunkuɗa shi cikin teku, sau da yawa da ransa. Ba ya iya iyo, sai ya nitse ya mutu. Wannan ba ya cikin al'adar kowa, ɗana, dabarar 'yan kasuwa ce don kada riba ta ragu. Kuma shak ba kamar sauran kifaye ba ne masu zuba ƙwai dubbai; wasu sai sun haura shekara goma kafin su fara haihuwa, 'ya'yan ma kaɗan. Wani bincike na 2013 ya kiyasta ana kashe kusan miliyan 100 a shekara.

Ka kuma lura da inda dokar ta sa hannu. Yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar barazanar ƙarewa, wadda aka rattaba wa hannu a Washington a 1973, ba ruwanta da tukunyar kowa, ruwanta da kayan da ke ƙetare iyaka. A taron ƙasashen yarjejeniyar na Bangkok a 2013 an sa wasu nau'o'in shak a jeri na biyu na halittun da take sa wa ido a kan cinikinsu, a taron Panama na 2022 aka ƙara fiye da 50. Shiga wannan jeri ba haramci ba ne: ƙasar da za ta fitar da kayan sai ta ba da takardar izini, ta kuma nuna cewa kamun ba zai ƙarar da irin ba. Kifin da aka kama a gaɓar Ekwado ake sayar da shi a Hong Kong, wa zai ce maganar gida ɗaya ce?

Dokar da ta fi burge ni ita ce ta Tarayyar Turai ta 2013: a sauke kifi a tasha da fikafikansa a jikinsa. A da awo ake yi, nauyin fiffike kada ya wuce kashi 5 cikin 100 na nauyin kifin, masu wayo kuwa suka yi ta wasa da sikeli. Kanada ta hana shigo da yankakken fiffike a 2019, Amurka ta hana cinikinsa a ƙarshen 2022.

Sinawan ma ba su jira kowa ba. Ɗan wasan ƙwallon kwando Yao Ming ya fito fili tun 2006 yana kira a daina sha, gwamnatinsu kuma ta cire miyar daga liyafar hukuma a 2013.

Inda gizo ke saƙa shi ne aiwatarwa. Fiffike in ya bushe aka fere shi, jami'in kwastan zai sha wuya kafin ya gane na wane iri ne, wani lokaci sai an kai ga gwajin ƙwayar halitta. A 2020 kwastan na Hong Kong sun kama tan 26 a kwantena biyu daga Ekwado, akasarinsu na nau'o'in da ke cikin jerin.

Ka gaida mahaifinka da sauran mutanen gida.

Baffanka.