Amsa ga Baffa kan karatun yaranmu na ranar Lahadi

Baffa, bayan gaisuwa da fatan an yi girbi lafiya a can ƙasar Ringim, ka tambaye ni ko gaskiya ne mu mutanen Zangon Kumasi muna tara yara ranar Lahadi, mu raba su aji-aji kamar yadda ake yi a coci. Gaskiya ne muna tara su. A Ghana yaro yana makarantar boko daga Litinin zuwa Juma'a, saboda haka Asabar da Lahadi ne kaɗai suka rage wa malaminsa na addini, alhali ku a gida Alhamis da Juma'a ake hutawa, sauran kwanaki kuwa allo yana hannun yaro.

Batun rabawa bisa shekaru, ai ba a coci muka fara ganinsa ba, tunda tsangayarku ma ta san kolo da titibiri da gardi. Ƙanana suna zaune a tabarma suna bin babbaƙu da farfaru da gajerun surori. Na tsakiya suna haddar izu biyu na ƙasa, suna kuma koyon alwala a bakin famfo, malama tana duba gwiwar hannun kowa ta tabbatar ruwa ya kai. Manya su ne ke karanta Ahalari da Ishmawi da Arba'una Hadisi. Benci da jarrabawa kam daga boko muka aro su, ban musa ba, musamman tun 1987 da gwamnatin Ghana ta kafa sashen kula da makarantun Islamiyya.

Amma na san abin da ke cin ranka shi ne auren 'yar ƙabilar Asante da na yi. Baffa, matar nan ta musulunta da ra'ayin kanta, kuma ita ce ke tashin yara da sassafe ranar Lahadi ta goge musu hijabi, daidai lokacin da yayyenta ke wucewa coci cikin kwalliya, su gaisa cikin mutunci kowa ya kama hanyarsa. Yayanka, mahaifinmu, wanda fataucin goro ya kawo shi nan, bai koma gida ba ko a 1969 da gwamnatin Firayim Minista Busia ta kori baƙi marasa takardu. A zaurensa aka fara karatun unguwarmu, kuma allonsa da tawada ta rine yana rataye a ɗakina har yau.

Abin da ya sosa mini rai shi ne zuwanmu gida biki bara, lokacin da 'yata ta ce Inna "ya dawo", mata suka kwashe da dariya suna cewa waɗannan ba Hausawa ba ne. Haka Hausar Zango take, ba ta cika rarrabe mace da namiji ba, amma babu wanda ya ce yarinyar ta karanta masa ko da aya ɗaya. In Allah ya yarda bayan babbar Sallah za ta sauke Alƙur'ani, kuma ina roƙonka ka zo Kumasi ka saurare ta da kunnenka.